Tsagar da Muka Yi Ta Cikewa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro.

Sunana Garba, manomi ne ni a gefen Tozai. Bayan gidajenmu akwai tudun da muke haƙar ƙasar gini a gindinsa. Da daminar bara, ƙasa ta tsage a saman tudun. Maƙwabcina Malam Sambo makiyayi ya ce shanu za su karye a ciki, sai muka cike tsagar. Aka yi ruwa ta sake buɗewa, muka sake cikewa. Duk wanda ya wuce sai ya zuba ƙasa, yana neman lada. Babu wanda ya lura ƙara faɗi take yi.

Ranar kasuwar Illela, mutane sun tafi, gefen tudun ya zaftaro ya binne rumbuna da wurin da mata ke sussuka. Ba a rasa rai ba.

Bana wata tsagar ta fito. Na kafa turke a kowane gefe, na ɗaure su da igiya, kullum ina dubawa don in ga ko tsagar tana ƙara faɗi. Malam Sambo ya ce, "Mi igiya ka tsarewa? Allah ka tsarewa." Na ce haka ne.

Jama'a, wa ake kai wa irin wannan rahoto? Yau da safe igiyar ta tsinke.