Inna tana son ganin fuskar ɗanta

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, da fatan kana lafiya. Sunana Rabi, daga Matamaye. Ban taɓa rubuto muku ba saboda kunya, amma yau na daure.

Kakata, wadda muke kira Inna, yanar ido ta kama ta. Ba ta gane mutum sai ta shafa fuskarsa. Babana ne ɗanta na fari, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunansa ko ta kalle shi ido da ido ba. Ya tafi cin rani Legas, damina ta wuce bai dawo ba.

Ranar Juma'a ya kira ta wayar maƙwabcinmu, irin kiran da ake ganin juna. Na kai wa Inna. Ta kau da kai kamar yadda ta saba, sannan ta yi mini raɗa: "Ke 'yar nan, mutumin nan ya rame?"

Na ce, "Kaɗan, Inna. Gemunsa ya soma furfura."

Ta ce, "Furfura? Shi ɗin?"

Sai ta miƙa hannu ta shafa wayar, yatsanta ya kashe kiran. Can ta ce, "Lokacin da nake da ido na ƙi kallonsa."

Don Allah masu sauraro, ina ake aikin yanar ido kusa da mu? Baba, in kana ji, ka zo gida. Inna ba za ta faɗa ba, ni na faɗa a madadinta.