Azarar Baffa Ilu

A tashar Gumel, wani tsoho, Baffa Ilu, yana jiran motar Ɗanzomo, ya ɗora ƙafa kan damin azara. Wata fasinja ta dube shi.

"Baba, kwaskwarima za a yi wa gida ne?"

"Kwaskwarima ta amarya ce, 'yata. Gyara kuwa sai ɗakin da ya tsage. Nawa ruwan bara ya kwantar da shi ina ciki, na fito ina kakkaɓe riga. Garambawul zan yi masa, sabon rufi, sabon yaɓe, daɓe da makuba, har tabarma sai sabuwa."

"Da tsufanka? Ina 'ya'yanka?"

"Mannir yana Kano. Wai in damina ta faɗi ba ni da rufi, zai zo ya ɗauke ni. Ni da yunwa ta kori rabin garinmu ban gusa ba!"

"Ai hutu ne, Baba. Ga siminti, ga fanka."



"A can ƙofa suke kullewa. Wa zan ba labari?"

Kwandasta ya leƙo ya ce azara ba ta da wuri.

"Sa ta a kujerata," in ji tsohon, yana naɗe riga. "Ni na hau sama."