Ɗaga Ƙarfe Ma Sai da Takarda

A tashar motar Gummi, Dalhatu, tsohon ɗan kokawa, ya tambayi saurayin da ke zaune kusa da shi mi za shi yi a Legas.

"Kwas ɗin koyar da motsa jiki, Baba. Da kwalejin ilimi na so, amma shekara uku ta yi mini nisa."

Dalhatu ya taɓe baki, yana satar kallon damtsen saurayin. "Yanzu ɗaga ƙarfe ma sai da takarda? Ni da na kada mazan Anka da Bukkuyum, wa ya ba ni ita? Ga ni nan ina gadin buhunan gero."

"Zamani ne, Baba. Har albashi ake biya."

Dalhatu ya murza gwiwarsa. Can ya yi ƙasa da murya.

"Makarantar nan taku, suna duba shekarun mutum?"