Ƙarfen Cocin da Na Kawo Gida

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da dukkan masu sauraro. Ni magini ne daga Matameye.

Bara na je gyaran wani tsohon cocin Katolika a garin masu haƙar ma'adinai can arewa. Da baƙin dutsen rami aka gina shi tun zamanin Turawa. Rufinsa kamar rumbu, tagoginsa 'yan tsaga ne, ko da rana tsaka duhu ne ciki. Ƙararrawarsa wani guntun ƙarfe ne. Mai gadin ya ce ba a buga shi sai in rami ya rufta da mutum.

Da suka sa sabuwar ƙararrawa, sai suka bar mini ƙarfen. Na kawo gida na rataye a darbejiya.

Jiya bayan azahar, ba iska, ba kowa kusa, ƙarfen nan ya yi ƙara. Wallahi matata ma ta ji.

Ƙanena Sani yana haƙar zinariya, kuma wayarsa ba ta shiga. Malamai, in binne ƙarfen ne? Sani, in kana saurare, don Allah ka kira. Inna ta ƙi cin abinci.