Ranar da Mai Ɗori Ya Ja Kafaɗata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto, iyayena da 'yan'uwana.

Ina cikin yi wa wata mata kitso a shagonmu na unguwar Dutse Alhaji, na ɗaga hannu zan tsaga gashi, sai na ji ƙas! a kafaɗar dama. Tsinken kitson ya suɓuce.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni mai sikila ce. Ciwon ya cinye kan ƙashin kafaɗata tun ina sakandare. Shekara takwas ke nan da aka yi mini aiki. Likita bai sare ƙashin ba don ina da ƙuruciya, goge kansa ya yi, ya kifa masa ƙarfe kamar murfi. Bayan aikin ciwona ya tashi, sai da aka ƙara mini jini, mamata har ta fid da rai. Da na samu sauƙi aka ce in riƙa zuwa ɗaukar hoton ƙashin kowace shekara.

Sau biyu na je, na daina. Gaskiya zan faɗa. Na riga na tsaya a nan coci na ce Allah ya warkar da ni, sai nake ganin in na koma asibiti kamar na ƙaryata shi ne.

Da kafaɗar ta kumbura, ƙanwar mamata, Anti Saratu, ta ce, "Targaɗe ne, Rifkatu. Tashi mu je Mpape wajen mai ɗori."

Tsohon mai ɗorin ya ga tabon aikin, ya tambaya. Na ce tsohon ciwo ne. Ƙarya, a bakin 'yar mawaƙan coci! Ya shafa man kaɗanya, ya kama hannuna ya ja. Wayyo Yesu!

"Baba, akwai ƙarfe a ciki!"

Ya sake ni kamar ya taɓa garwashi. "Haba 'yata! So kike ki ja mini masifa? Wannan ba aikina ba ne, maza asibiti."

Kwana uku hannun na rataye, ko cokali ba na ɗagawa. Abu ɗaya nake tunani: ƙarfen ya kwance, za a sake yanka ni, wannan karon kuma ba zan farka ba.

A bencin asibiti na sunkuya na ce, "Ubangiji, tsoro ne ya hana ni zuwa, na sa masa suna bangaskiya. Ka gafarta mini. Kada ka bar ni."

Likita ya jera tsohon hoto da sabo, yana dubawa. Ni dai na riƙe zanen Anti.

"Kin yi ganganci," ya ce. "Amma ƙarfen na nan daram, ƙashi ya kama shi. Jijiya kika wahalar. Ko wata rana ƙarfen ya gaji, akwai ƙashin da za mu yi aiki da shi."

"Dakta, ba za a yanka ni ba?"

"Ba za a yanka ki ba. Ki huta da kitso, ki dawo mako mai zuwa."

Anti ta durƙusa nan ƙasan ofis tana kuka. Halleluya! Na gode wa Yesu. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku kuma je a duba ku. Shi ma yana can asibitin.