Akuya Ta Ci Irina Ina Kallo

Gaisuwa gare ka, mai karanta wasiƙu, Allah shi bar ka da gwiwoyinka. Ni ne Mamman daga ƙasar Kurfai. Shekara biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, a yi haƙuri da rubutuna.

Shekara bakwai ke nan gwiwata tana gardama. Da farko da safe kawai take ƙagewa, in na taka sai ta saki. Lokacin ni ke riƙe sungumi ranar shuka. Da ta fara kuka kamar tsohon ƙyaure, aka maishe ni baya wurin zuba iri. Bara ta kumbura, rufe rami da dunduniya ma ya gagara.

Bana ɗana Idi ya ce, "Baba, zauna gindin gawo ka tsare muna iri." Na samu sarauta! Sai akuya ta sa baki cikin ƙwarya. Na yi tsawa, na jefe ta da hula, na yunƙura sau uku, gwiwa ta ce ba da ita ba. Rabin gona ya kwana babu shuka. Idi ya ɗauki ƙwaryar ya wuce gida, wannan ya fi gwiwar ciwo.

Lokotoro, wato likita, ya ce in huta. Jama'a, mai maganin da zai tashe ni tsaye kafin baɗi shi taimaka, don ban san aikin da ke ƙasa da tsaron ƙwarya ba.