Karin Hular Jarumi

A shekarar da soja suka koma bariki, ina jiran motar hayis a Gyaɗi-Gyaɗi, sai na ji wani dattijo ya tanka wa wani mutum da ya tallabo hula kamar ƙwai.

"Malam, hular nan ta zinare ce?"

"Ta jarumin fim ɗinmu ce, Baba. Jiya a Darmanawa muka ɗauki shigarsa ɗaki, yau za mu ɗauki fitowarsa. In karinta ya sauya, darakta ya ce in nemi wani aikin."

"Gadin hula aiki ne? Ka yi boko kuwa?"

"Har jami'a. Ni nake rubuta abin da kowa ya sa, har inda kofi yake a tebur."

"Shi ya sa ba na kallon shirmenku. A kaset ɗin watan jiya, mutum ya shiga gaida surukinsa da kari a dama, ya fito da shi a hagu. Sau uku ina mayarwa baya!"

"Ashe dai Baba ba ya kallo."

"Jikoki ne suka kunna."

"To, wannan kuskuren ne ya sa aka ɗauke ni."

"Au, kai ne maganin? Madalla. Da an ce fim sai Indiya, yau ga shi a bayan gidana, da harshenmu."

Hayis ta tsaya maƙil da mutane, kwandasta ya ce, "Baba, shiga gaba."

"A'a, ba shi gaban. Ni in na matsu zan warware. Hular nan in ta lotse, ni zan gani a kaset."